Kwantak ko Modul: Wace Wuta Ta Dace da Tsohuwar Motarka?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar a-kori-kura ko babbar motar kaya mai shan fetur, irin waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970, ya san safiyar da mota ke tashi da taurin kai. Ka murɗa ki, kik ya yi ta juyi, warin fetur ya cika wuri, inji kuwa ko tari. Ka ɗaga bonet, ka ɓalle murfin distiributa, ka zare rota, sai ga mai laifin a fili: 'yan ƙarafuna biyu da ba su fi kan ashana girma ba, sun ƙone sun yi baƙi, ɗaya ya yi rami ɗaya ya yi tsini. Kwantak ke nan. A daidai wannan lokaci ne masu ba da shawara ke rabuwa gida biyu. Wani ya ce, "Fitar da shi ka sa modul, 'yar na'urar lantarkin nan da ke maye gurbinsa, ka huta har abada." Wani ya ce, "Kada ka soma. Ranar da modul ya mutu maka a daji, sai dai a jawo ka."

Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma dukansu sun tsallake wata tambaya: wace irin lafiya ita kanta distiributar take da ita? Domin ayyuka uku take yi, modul kuwa guda ɗaya kacal yake karɓa. Aiki na farko shi ne kunna wutar kwayil da katse ta. Na biyu, raba babbar wutar da kwayil ya haifar zuwa kowane filogi a kan layinsa, ta hanyar rota da murfi. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, sauya lokacin da tartsatsi ke fita, wato taimin, gwargwadon gudun inji da nauyin da yake ja. Kwantak ko modul, rigimar duk a kan aiki na farko ce. Sauran biyun suna nan yadda ka bar su, da tsufansu da tsatsarsu.

Abin da kwantak ke yi, da abin da ke cinye shi

Tsarin ya haura shekara ɗari. Charles Kettering ne ya tsara shi a kamfaninsa na Delco da ke Dayton a Amurka, Cadillac kuma ta fara sa shi a motocinta a 1910. Sunan kamfanin ya bi abin har ta kai a Faransanci distiributar ma "delco" ake ce mata. Yadda yake aiki ba wuya: sandar distiributa tana da tudu ɗaya domin kowace silinda. Muddin bakin kwantak na rufe, wuta tana ratsa kwayil tana tara ƙarfin maganaɗisu. Da tudu ya zo ya ture ɗan ƙafar kwantak, baki ya buɗe, wuta ta yanke, maganaɗisun ya rushe nan take, sai kwayil ya amayar da dubban volt zuwa filogi. Kwandansa na gefe tana shanye wutar da za ta yi tsalle a bakin kwantak, ta kuma taimaka yankewar ta zama farat ɗaya.

Yi lissafi ka ga wahalar da ɗan ƙarfen nan ke sha. Inji mai silinda 8 yana neman tartsatsi huɗu a kowane juyi. A juyi 3,000 cikin minti, sau 200 ke nan a daƙiƙa ɗaya bakin ke buɗewa da rufewa, kowane karo yana yanke wutar da ta kai amfiya uku zuwa huɗu. Mai silinda 6 sau 150 ne. Ba mamaki littattafan gyara na wancan zamani suke cewa a duba ko a sauya shi bayan kusan kilomita 16,000 zuwa 20,000.

Lalacewar ta fuska biyu take zuwa. Bakin yana ƙonewa, wannan kowa na gani. Wadda ba a gani ita ce cinyewar ƙafar da ke goga tudu. Tana cinyewa, tazarar bakin tana raguwa. Tazara na raguwa, lokacin da baki ke zama a rufe yana ƙaruwa, tartsatsi kuma yana makara. Kusan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru a tsawon rufewa, taimin ya ja baya da digiri ɗaya. Shi ya sa mota mai kwantak ba ta lalacewa rana ɗaya, sanyi take yi a hankali: yau ta ɗan ƙi hawa tudu, wata mai zuwa ta ƙara shan mai, kai kuma ka saba da ita har ka manta yadda take ja a da. Kuma shi ya sa ƙa'idar ba ta sauyawa: a fara saita tazarar kwantak, sannan a saita taimin. Wanda ya juya tsarin zai yi aiki biyu.

Tazarar ba ta da yawa. A injunan V8 na Chevrolet da GMC, inci 0.019 ne ga sabon kwantak, 0.016 ga wanda ya yi aiki, tsawon rufewa kuma digiri 28 zuwa 32. A Land Rover mai inji 2.25 da distiributar Lucas, tsakanin 0.014 da 0.016 ne, wato kusan milimita 0.4. GM, uwar kamfanin Chevrolet da GMC, ta yi wata dabara mai daɗi tun ƙarshen shekarun 1950: ta buɗe 'yar taga a jikin murfin V8 ɗinta, ka zura makullin alan ka saita inji na aiki, idonka a kan mita. Masu sauran motoci sai dai fila geji da sukundireba da haƙuri, ka ɗaure sukuru tazara ta gudu, ka sassauta ka sake.

To me ya sa har yanzu mutane ke riƙe da shi? Domin yana yin gargaɗi kafin ya mutu, kuma ko ya mutu ana tashinsa. Ɗan fayil ko takardar yashi ta goge bakin, kwalin ashana ya tsaya a madadin fila geji, ƙwan fitila da 'yar waya su saita maka taimin ba tare da inji ya tashi ba. Batir ya yi sanyi har kik ya kasa juyi, a tura ta ta tashi, domin kwantak bai san wani abu wai shi ƙarancin volt ba. An juya kan batir bisa kuskure, bai dame shi ba.

Sai dai akwai wani abu da masu son kwantak ba su cika faɗa ba. Kayan da ake samu yanzu ba duka ne suka kai na da ba. Manyan masu ƙera motoci sun daina sa kwantak tun tuni, kasuwar ta tsuke, sai aka cika ta da kwaikwayo. Ana samun sabon kwantak da ƙafarsa ke cinyewa cikin 'yan makonni, da bakin da bai haɗu daidai ba tun daga kwali, da kwandansar da ke aiki inji na sanyi ta mutu da ya yi zafi. Ana samun rota mai ƙusa a tsakiya wadda wuta ke huda robarta ta zarce cikin sanda, mota ta mutu murus ba alamar komai a waje. Don haka tsohuwar al'adar nan ta sauya kwandansa duk lokacin da aka sauya kwantak, ni na daina ta. Tsohuwar kwandansa mai aiki ta fi sabuwar da ban gwada ba.

Kafin ka sayi komai

Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna, a kan wata tsohuwar a-kori-kura mai silinda 6. A silo lafiya lau take, amma da an taka totur sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta da igiya, lagireto kuma ya yi ta zafi. Na yanke hukunci cewa kwantak ne, na sayo modul na ɗaura, na saita taimin da fitila, na fita gwaji ina murna. Tashi kam ta ƙara sauƙi. Nauyin nan kuwa ko gezau.

Dattijon da na koyi aiki a hannunsa ya zo ya tarar ina zare kafireta. Bai ce komai ba, ya buɗe murfin distiributa, ya kama rota da yatsu biyu ya murɗa. Ba ta motsa ba.

"Yaro, yaushe rabon da a ɗiga mai a nan?"

Na ce, "Baba, ai ban san ana ɗigawa ba."

Ya zare rota ya nuna mini ɗan audugar da ke cikin kan sanda, ta bushe ta yi tauri kamar itace. Muka cire farantin da kwantak ke zama a kai. A ƙarƙashinsa ga ƙarafuna biyu masu nauyi da ya kamata su riƙa buɗewa idan inji ya ɗau gudu, sun manne cikin tsohon giris da tsatsa, sifirin ɗaya ma ya ɓalle yana kwance a gefe. Motar tana tafiya ne da taimin ɗin silo a kowane gudu. Da modul da kwantak, babu wanda zai iya gyara wannan. Kananzir da buroshi da 'yan ɗigon baƙin mai ne suka gyara shi.

Tun daga ranar, gwaji huɗu nake yi kafin in buɗe baki a kan zaɓi. Na murɗa rota ta ɓangaren da take juyawa: ya kamata ta ɗan tafi, in na saki ta dawo da kanta. Na kama kan sanda na girgiza hagu da dama: in tana kaɗawa har ido na ganin tazarar kwantak na sauyawa, bush ya cinye. Na zare tiyon da ke zuwa ɗan gwangwanin da ke maƙale a gefen distiributa na zuƙa da baki: faranti ya motsa, in na toshe da harshe ya tsaya a wurin, in iska ta yi ta wucewa, robar ciki ta yage. Sannan na haska fitilar taimin ina ƙara wuta: alamar ta tafi gaba sumul ta dawo sumul, ba ta yi ta tsalle-tsalle ba. Mai mitar auna tsawon rufewa zai iya ƙarawa da wannan: a zare tiyo, a ƙara wuta, in allura ta kauce fiye da digiri uku, akwai cinyewa.

Ana yawan cewa modul yana rufe asirin cinyayyen bush. Akwai ƙamshin gaskiya, domin babu sauran sifirin ɗin kwantak da ke tura sanda gefe, kuma na'urar ba ta damu da 'yar kaɗawa kamar kwantak ba. Amma sandar da ta kaɗa sosai za ta sa zoben maganaɗisu ya goge modul, ko rota ta riƙa sarar haƙoran murfi. Rufin asiri ne, ba magani ba.

Modul na ƙarƙashin murfi

Wannan shi ne sauyi mafi sauƙi. A cire kwantak da kwandansa, a ɗaura ɗan modul a gurbinsu, a zura zobe mai maganaɗisu a kan tudun sanda. Kowane maganaɗisu ya gifta, taransisto ya yanke wutar kwayil. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka babu abin da ke cinyewa, taimin ɗin da ka saita yau shi za ka tarar baɗi. Ignitor na kamfanin Pertronix shi ne ya fi suna a wannan layi. Akwai kuma masu aiki da haske, irin Lumenition na Ingila, inda wani ɗan faifai mai fukafukai ke gitta hasken da ke tsakanin idanu biyu. Daga waje ba abin da ya sauya sai waya biyu da ke fitowa maimakon ɗaya, abin da ke faranta ran mai son motarsa ta zauna da kamanninta na asali.

Ɗaurawar minti talatin ce. Wayoyin ne ke kayar da mutane. Yawancin motoci masu volt 12 da kwantak suna da rizista a kan hanyar kwayil, wani lokaci farin dutse ne a jikin bangon inji, wani lokaci kuma waya ce ta musamman da aka ɓoye cikin damin wayoyi, kamar yadda GM da Ford suka yi. Aikinta rage wutar zuwa wajen volt 7 zuwa 9 idan inji na aiki, don kada kwantak ya ƙone. Lokacin murɗa kik ne kawai ake kewaye ta. In ka ɗauki wutar modul daga bayan wannan rizista, kana ba shi abin da bai ishe shi ba, sai ka ga mota na misin da zarar ta yi zafi ko an kunna fitilu. Jar wayar modul cikakken volt 12 take so, daga layin da ki ke kunnawa.

Kwayil ma sai an auna. Ignitor na farko yana son juriyar da ba ta gaza om 1.5 ba a inji mai silinda 8, om 3 kuma a mai 4 ko 6. Wanda ya ga wani kwayil mai ƙyalli an rubuta masa manyan lambobi ya ɗaura ba tare da ya sa mita ba, zai iya dafa modul ɗinsa cikin mako. Haka nan barin ki a kunne inji ba ya aiki. A nau'in farko, in sanda ta tsaya a inda wuta ke ratsawa, kwayil da modul za su yi ta ɗaukar zafi har ɗaya ya ƙone; mutum na zaune yana jin rediyo, bai san yana toya kuɗinsa ba. Adalci dai a faɗa, kwantak ma yana ƙonewa a irin wannan hali, sai dai shi ana goge shi. Ignitor II ya toshe wannan ɓaraka, yana kashe kansa, yana kuma daidaita tsawon rufewa da gudun inji. Amma shi kuma ba ya shiri da wayoyin filogi masu zallar tagulla a ciki, sai masu danne hayaniyar lantarki.

Masu motocin volt 6 su yi taka-tsantsan ninki biyu. Ford da Dodge sun zauna a kan volt 6 har 1955, kuma kan fozitif ne ke haɗe da jikin mota. A 1956 suka koma 12 da negatif a jiki. Chevrolet negatif ne a jiki tun a volt 6, ta koma 12 a 1955. Land Rover ta riƙe fozitif a jiki har 1967. Akwai modul na kowane irin tsari, amma dole ka sayi daidai naka, domin juya masa kai sau ɗaya ya isa. Kuma a volt 6, lokacin da kik ke jan wuta da sanyin safiya, abin da ya rage kan yi ƙasa har modul ya kasa farkawa, alhali kwantak zai ba da ɗan tartsatsinsa ko yaya. In har za ka yi, sai da kaurin wayoyin batir da tsabtataccen haɗi da jikin mota. A ra'ayina, motar da ke kan volt 6 da tsohon dainamo, a bar ta da kwantak ɗinta.

Ga kuma babban bambancin da ba ya gyaruwa: modul ba ya ciwo, mutuwa yake yi. Wani lokaci yakan yi 'yar alama, ya ɗauke in ya yi zafi ya dawo in ya huce. Sau da yawa kuwa kamar an kashe ki ne. Ba abin gogewa, ba abin saitawa.

Sauya distiributar gaba ɗaya

Su kansu kamfanonin motoci sun bar kwantak ne ba don neman gudu ba, sai don dokokin hayaƙi. Injin da taimin ɗinsa ke zamewa yana ƙazanta iska, filogin da ke misin kuma yana tura ɗanyen fetur ya ƙona tukunyar tace hayaƙi da aka fara sawa a salansa a 1975. Chrysler ce ta riga kowa a cikin manyan ukun Amurka wajen sa tsarin lantarki marar kwantak a duk motocinta: ta fito da nata a 1972, ta game duk motocinta da shi a 1973. GM ta kawo nata mai suna HEI a 1974, ya zama na kowa a 1975. Ford ta bi sahu a tsakiyar shekarun da tsarin da aka sani da Duraspark. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne: in injinka na cikin dangin da aka ci gaba da ƙerawa bayan waɗannan shekaru, akwai distiributar lantarki ta asali da za ta shiga raminsa kai tsaye.

HEI ce ta fi farin jini, kuma da dalili. Komai na cikin gida ɗaya, a V8 har kwayil a kan murfi yake, waya ɗaya mai cikakken volt 12 kawai take nema. Wutarta ta fi ta kwantak ƙarfi da gaske, har ana buɗe bakin filogi zuwa inci 0.045 maimakon 0.035. Modul ɗinta mai ƙafa huɗu sukuru biyu ne ke riƙe da shi, ana sauya shi a bakin hanya, muddin ba a manta da shafa man da ke kai zafi zuwa jikin distiributa ba. Wanda ya ɗaura shi a bushe zai sake saye. Matsalarta girma. Kanta ƙato ne, a V8 na Chevrolet kuma distiributa a baya take, dab da bangon da ya raba inji da direba, a wasu tsoffin motocin sai an bubbuga bango ko a haƙura. Wayoyin filogi sai an sauya, kawunansu daban ne. Tsohuwar wayar rizista sai an kewaye ta. Kuma siraran wayoyi biyu na cikinta kan karye saboda yawan lanƙwasawa da gwangwanin iska ke sa su yi. Duk wanda ya ɗaga bonet zai gane ba ta asalin motar ba ce.

Duraspark ba ta da wannan ƙaton kai sosai, amma akwatinta na waje ne, da damin wayoyinsa, kuma akwatunan kala-kala ne, ana gane su da launin robar da wayoyi ke fitowa. Mai shuɗi ne aka fi amfani da shi wajen irin wannan sauyi. Ta Chrysler tana riƙe da farar rizistarta, wadda in ta ƙone mota kan tashi muddin kana riƙe da ki a kan kik, ka saki ta mutu. Tsoffin direbobin Dodge ba sa rabuwa da guda a aljihun mota.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne sababbin distiributocin kwaikwayo da ake sayarwa a matsayin "ɗaura ka tafi". Ramin ya yi daidai, amma nauyaye da sifirin ɗin ciki an zaɓe su ne domin ƙaramar mota mai son gudu, ko ma ba a zaɓe su domin komai ba. Motar kaya tana aiki ne a ƙaramin juyi da babban nauyi. In wuta ta yi saurin zuwa a wannan hali, za ka ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani yayin hawan tudu, wannan ƙara kuwa fistin take ci. Tsohuwar distiributarka, duk da tsufanta, injiniyoyin da suka ƙera injin ne suka auna mata yadda za ta ƙara wa wuta sauri. Kada ka yar da wannan ilimi a kwandon shara don ƙyallin sabon alminiyam.

Sannan a tuna, a yawancin waɗannan injuna gindin distiributa ne ke juya famfon baƙin mai. In ba ta zauna ta kama sandar famfon ba, inji zai iya tashi babu mai a jikinsa. A wasu injunan Ford, sandar kan biyo distiributa sama ta suɓuce ta faɗa cikin tukunyar mai, aikin minti ashirin ya koma na yini. Bayan kowane irin wannan sauyi, idonka na farko a kan agogon mai.

Wuri ɗaya da nake goyon bayan sauyawa gaba ɗaya ba tare da jinkiri ba shi ne Load-O-Matic ta Ford, wadda ta zo a V8 daga 1949 zuwa 1956, ta kuma daɗe fiye da haka a masu silinda 6. Ita ba ta da nauyaye sam, da zuƙar iska kaɗai take aiki, kuma sai da kafiretar da aka yi domin ta. Da zarar wani ya sauya kafireta a tsawon shekarun nan, lissafinta ya rushe. Sa mata modul kamar sabon fenti ne a kan ruɓaɓɓen katako.

Akwai wasu hanyoyi biyu da zan ratsa da sauri. Akwatin ƙara wuta na kamfanin MSD yana iya karɓar umarni daga kwantak ɗinka na asali, sai ya zama bakin ba ya ɗaukar wuta mai yawa, ya daina ƙonewa, ko da yake ƙafar na ci gaba da cinyewa. Yana kuma harba tartsatsi fiye da ɗaya a ƙasa da juyi 3,000. In akwatin ya mutu, ka mayar da wayoyi ka ci gaba da tafiya. Sai 123ignition ta ƙasar Holan, wadda ta watsar da nauyaye da sifirin gaba ɗaya, kwamfutar ciki ce ke lissafin saurin wuta, wasu nau'o'in ma daga wayar hannu ake saita su. Ga wanda distiributarsa ta cinye ƙurmus kuma ba a samun kayanta, mafita ce mai kyau, in akwai ta injinsa.

Batun ƙarin ƙarfi

Za ka ga an rubuta volt 40,000 a jikin kwali. Filogi ba ya karɓar abin da aka rubuta, abin da yake buƙata don tsallake tazararsa kawai yake ja, sau da yawa bai kai rabin wannan ba, sauran ajiya ce. Inda kwantak ke gazawa da gaske shi ne a babban juyi, sama da 5,000, lokacin da kwayil ba ya samun sukunin cika kuma ƙafar ta fara tsalle a kan tudu. Tsohuwar motar kaya mai dogon fistin ba ta zuwa can. Yawancin rayuwarta tsakanin 1,500 da 3,000 take. Wanda ya ce motarsa ta ƙara ƙarfi bayan ya sa modul ba ƙarya yake yi ba, amma ya gwada sabon modul ne da gajiyayyen kwantak mai makararren taimin. Da ya gwada da sabon kwantak da aka saita daidai, da wuya ya ji bambanci a totur. Abin da modul ke ba ka shi ne ranar farko ta ɗore: tashi cikin sauƙi, silo mai natsuwa, da hutu daga sunkuyo a kan inji.

To wanne?

Ya danganta da yadda motar ke rayuwa da kuma wanda ke riƙe da ita. In kana jin daɗin sa hannu, kana da fila geji da fitilar taimin, motar kuma 'yan dubban kilomita take yi a shekara, kwantak mai kyau zai kai ka shekaru, ka dai riƙa shafa ɗan giris kamar kan allura a tudun sanda, kana ɗiga mai a audugar nan. Lura ɗaya: motar da ke daɗewa a ajiye a wuri mai laima, bakin kwantak ɗinta kan yi wata 'yar tsatsa da ke hana wuta wucewa, sai an ja farar takarda a tsakani kafin ta tashi.

In motar aiki ce ta kullum, volt 12, da altaneta, ko distiributar na can ƙurya inda sai ka kwanta a kan inji kafin ka ga kwantak, modul na ƙarƙashin murfi a cikin distiributar asali da aka wanke aka sauya wa bush shi ne zaɓina, kuma shi ne a motata yanzu. In injin GM ne na dangin da HEI ta zo da shi, akwai wuri, kuma ba ka damu da kamanni ba, HEI ta asali da aka gyara ta fi sabuwar kwaikwayo.

Duk wanda ya zaɓi modul, kada ya yar da abin da ya cire. Ni nawa suna cikin wani ɗan gwangwani a bayan kujera: kwantak, kwandansa, 'yar wayar da ke haɗa su da kwayil, sukurorinsu biyu a naɗe cikin tsumma, da rota guda. A jikin distiributar kuma na yi zane biyu da bakin sukundireba daura da maɗaurinta, ɗaya inda take zama da modul, ɗaya inda take zama da kwantak, domin ba wuri ɗaya ba ne, kuma a bakin hanya da dare ba fitilar taimin.